Ƙwaƙwalwar da Ke Ƙarya Idan Ta Ji Zafi

Ranar Lahadi

Yaya,

Sallama, da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Baban yara da 'yan biyunki masu hana mutum barcin rana. Yaya kafaɗar taki? Yaya kunnen Inna? Ni dai lafiya lau, sai ɗan mura da sanyin ofis ya jawo mini, ita ma ta kama gabanta.

Saboda Inna na koma biro da takarda. Ranar da na kira, ina tsaye a bakin titi ina ta kwarara ihu har wani mai shago ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi, ita kuwa sai cewa take, “Wa ke magana?” To, tunda kunne ya ƙi, ido ai bai ƙi ba. In wasiƙa ta iso ki miƙa mata ta sa tabarau ta karanta abinta. Ga shi kuma ba a barin mu shiga ɗakin gwaji da waya, can kuwa nake wuni.

Kin ce maƙwabta sun dame ki da tambayar aikina, kina ce musu gyaran kwamfuta nake yi. Ba gyara nake yi ba, Yaya, wahalarwa nake yi. Kamfaninmu yana ƙera wata sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, siririya ƙwarai. In aka rufe ta aka ajiye a tebur, kaurinta bai kai na littafin rubutun 'yan makaranta ba, kuma da yatsu biyu za ki ɗaga ta. Ni kuma ina da wani akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi, muna ce masa tanderu. Sai in sa ta a ciki, in ƙara zafi, in lafta mata lissafi mai nauyi, in ja kujera in zauna ina jiran ta gaza. In ta jure, in sa hannu a takarda cewa ta isa fita kasuwa. Kin ga dai halina na kwance rediyon Baba bai tafi a banza ba, yanzu biyana ake yi in yi ɓarna.

Shugaban sashenmu muna kiransa Mai Agogo, don ko gaisawa kuke yi idonsa na kan tsintsiyar hannunsa. Ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. Sai Doguwa, abokiyar aikina, teburinmu ɗaya. Ta girme ni a aikin, ba ta da yawan magana, amma in ta ce abu ya yi, to ya yi.

An ce makarantu da ƙananan asibitoci ne za su fi sayen kwamfutar. Duk lokacin da na ɗaga ta sai in tuna ki a kan babur, da wannan tsohuwar taku mai nauyin dutsen niƙa rataye a kafaɗa, kina zagayen asibitocin bayan gari.

Labari mai daɗi na ajiye ƙarshe. Da zarar an fitar da ita kasuwa za a ba ni hutu, in zo in ga Inna ido da ido.

Ƙaninki,
Auta

*

Ranar Alhamis

Auta,

Amin wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Kafaɗa tana nan yadda ka san ta, in na shafa magani ta yi shiru, in na rataya jaka ta tuna da ni. 'Yan biyu sun yi tari, sun warke. Kunnen Inna dai sai a hankali, amma bakinta lafiyarsa ƙalau.

Dabarar wasiƙar nan ta yi. Inna ta karanta ta har takardar ta yi laushi, kuma duk wanda ya shigo gidan sai an karanta masa, har mai kawo mana ruwa bai tsira ba. Da ta zo wurin tanderu sai ta sauke tabarau ta ce, “Duk karatun nan da ya yi, ashe gashi ya tafi yi?” Ta ce in tambaye ka ko ana ba ka abinci a can, don a hoton da ka aiko wuyanka ya yi tsawo.

Baban yara ya ce a gaya maka shi bai yarda da abu siriri ba, wai duk abin da ba shi da nauyi ba shi da amana. Na ce masa to shi ya sa na aure shi da tumbinsa.

Ni kuwa ina marhabin da ita. Tamu ta asibiti sai ka kunna ta, ka je ka wanke hannu, ka auna mata biyu, sannan ta buɗe ido. Amma ka san ɗakunanmu. Rufin kwano ne, taga ɗaya, da rana ta take sai ka ji kamar an kife ka da tukunya. Ka gasa ta da kyau, kada ka ji tausayinta.

Inna ta sa an fitar da katifarka an shanya tun yanzu. Na ce mata da saura, ta ce ita ba ta ji ba. Ka san akwai abin da kunnen ke ji, akwai wanda ya ga dama.

Yayarka

*

Ranar Talata

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, ki gaida kowa. Jikina lafiya.

Akwai matsala, kuma ba zan iya buɗe ta duka a takarda ba. Ƙwaƙwalwar ce. In zafi ya yi yawa sai ta fara rikicewa, abin da ta sani sarai sai ya fito a karkace, kuma ba ta sanin ta yi. Ba kullum ba, jefi-jefi. Na gaya wa Mai Agogo, ya ce ni kaɗai nake ganin abin, wai gajiya ce, in je in huta. Barci ya yi mini wuya, abinci ma sai Doguwa ta tuna mini.

Zancen zuwa gida a ɗan dakata. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Auta

*

Ranar Asabar

Auta, ƙanina,

Ina gaishe ka, ina yi maka addu'ar sauƙi. Mu nan jiki lafiya, hankali ne ba a kwance ba.

Ka ce kada in gaya wa Inna, ka manta kai ka ce a riƙa miƙa mata. Ina wurin zagaye wasiƙar ta iso. Da na dawo na same ta zaune a bakin gado, takardar a cinya, tabarau a hannu, ko fitila ba ta kunna ba. Tun ranar abinci sai na tsaya a kanta.

Na kira ka ban san iyaka ba, waya a kashe. Da ka ɗauka kuma, da wata murya kamar daga cikin rijiya, ka ce, “Yaya ina cikin aiki, zan rubuto,” ka kashe. Muka zuba ido. Mai kawo wasiƙu har ya fara sauya hanya don kada Inna ta tare shi. Shiru dai har yau, shi ya sa na kasa jira.

Ka saurare ni da kyau, a matsayin yayarka kuma a matsayin ma'aikaciyar jinya. A aikina na sha ganin irin wannan. Ba abin kunya ba ne, ba kai ne farau ba, kuma in aka tare shi da wuri ana samun sauƙi. Yawan aiki da rashin barci da zaman kaɗaici suna kawo fiye da haka. Tunda shugabanka ya ce ka huta, ka huta. Ka daina jayayya da su a kan abin da kai kaɗai kake gani. Duk takardar da suke so ka sa wa hannu don su sake ka, ka sa, ka tattara kayanka ka taho gida. Babu aikin da ya kai ka a wurinmu.

In ba za ka iya tafiyar kai kaɗai ba, Baban yara ya riga ya nemi izini wurin shugaban makarantar da yake koyarwa, zai zo ya taho da kai. Ka ba Doguwar nan lambata, ina so in yi magana da ita.

Don Allah ka amsa, ko layi ɗaya ne.

Yayarka da ta goye ka

*

Ranar Laraba

Yaya,

Na gaishe ki, na gaida Inna da Baban yara da yara. Lafiyata ƙalau, ban san dalilin da za a aiko a taho da ni kamar kaya ba. Shirun da na yi, ki yafe ni, tanderu ne ya riƙe ni, ba na fita sai an zo kulle ɗakin.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Kowa a nan ya ce mini in sa hannu, ban ji zafi ba. Amma ke? Ke da kika mayar da kwalin allurar rigakafi guda saboda ya iso da ɗumi, shugabanku yana zaginki a gaban masu jego, kika ce ko za a kore ki ba za ki tsira wa ɗan kowa ruwan banza ba? Ina ƙaramin yaro a lokacin, amma ban manta yadda kika shigo gida idonki jajur kika ce Inna ta zuba miki abinci ba. Yau ke ce kike ce mini in daina jayayya in sa hannu?

Kamfani ya hana mu fitar da zancen kaya, amma ke ba 'yar jarida ba ce, bari in buɗe miki ki san abin da kike cewa in sa wa hannu.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan gutsuren abu, bai fi farcen babban yatsa ba. Shi muke kira ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ke yin duk lissafin. In yana aiki zafi yake fitarwa. Irin taku mai nauyi tana da fanka a ciki da sararin da iska za ta bi. Tamu kuwa, don a ce babu kamarta a sirantaka, an cire fankar, an matse komai kamar kayan cikin akwatin matafiyi. Zafi ba shi da wurin zuwa.

Gwajin da kamfani ya saba yi, a ɗaki mai sanyi ne, kuma ba ya daɗewa. A nan tana cinyewa sumul. Ni kuma da na tuna ɗakunanku masu rufin kwano, sai na ƙara zafin, na bar ta ta wuni tana aiki. Nan na kama ta. Lissafin da ta yi daidai da safe, da yamma sai ta ba da wata amsa daban. Ba duka ba, wasu daga ciki, kuma ba koyaushe ba.

Da mutuwa take yi, Yaya, da sauƙi, kowa zai ga allo ya yi baƙi ya nemi wata. Ita ƙarya take yi da fuska a sake. Ba ta tsayawa, ba ta ƙara, ba ta nuna alama. Lamba ɗaya ta sauya a cikin dubbai, ta ci gaba da harkarta.

Mai Agogo ya ce na wuce ƙa'idar gwaji, wai babu mai amfani da kwamfuta a cikin tanderu. Na ce masa yayata a cikin tanderu take aiki. Ya ce a fitar da ita, in matsala ta ɓullo a gyara daga baya. Na ce hannuna ba zai hau takardar ba.

Ina son zuwa gida fiye da yadda kike zato. Amma ba ta wannan ƙofar ba.

Auta

*

Ranar Litinin

Kai Auta! Allah ya shirye ka!

Gaisuwar ma sai na dawo mata, don dariya ta hana ni riƙe biro. Muna lafiya, yau kam lafiya ta gaske. Ƙwaƙwalwar kwamfuta! To ina ka rubuta kwamfuta a waccan wasiƙar? Je ka tuna abin da ka aiko mana: ƙwaƙwalwa tana rikicewa, kai kaɗai kake ganin abu, ba barci, ba abinci, kada a gaya wa Inna. Mu taka muka ɗauka! Mun zaci kanka ne ya taɓu a ƙasar mutane. Takardar da na ce ka sa wa hannu, ta ajiye aiki nake nufi, ba ta sakin kaya ba. Har na yi magana da likitan da ke duba masu irin wannan lalura, ya ba mu rana.

Da na gama karantawa na ruga wurin Inna, na manna bakina a kunnenta na ce, “Ba tasa ba ce, ta inji ce!” Ta ce, “Ta wa?” Na ce, “Ta inji!” Sai ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, daga nan kuma sai kuka. Da ta share ido ta ce a gaya maka duk digirinka ba ka iya rubuta wasiƙa ba, kuma ka ci bashin duka. A daren ta cinye kwanonta tas, ta nemi ƙari. Baban yara kuwa ya koma wurin shugaban makaranta yana sosa ƙeya.

To yanzu maganar gaske. Na janye abin da na ce. Kada ka sa hannu.

Ka san me muke yi da tamu? A ciki muke shigar da nauyin jariri ta fitar mana da adadin maganin da za a ba shi. A ciki sakamakon jinin masu ciki yake. Ranar da layi ya kai bakin ƙofa, yara na kuka, ni kaɗai ce a ɗakin, ba na sake lissafawa da hannu. Abin da ta nuna shi nake ɗurawa a sirinji. Gara in ci gaba da ɗaukar dutsen niƙana har kafaɗar ta cire da a ba ni mara nauyi mai yi mini ƙarya.

Abu ɗaya ke damuna. Ka taɓa ce mini takardar zamanka a can tana rataye ne da kwantiraginka. In suka fusata fa? Ba don ka ja da baya na tambaya ba, don in san irin addu'ar da zan yi ne.

Kuma ka ci abinci, ko ta inji ce ko ta wa.

Yayarka

*

Ranar Juma'a

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi Inna ta koma cin abinci, ki ba ta haƙuri, dukan kuma na karɓa. Wasiƙarki ta sa ni dariya ni kaɗai a cikin motar haya har mutane suna juyowa. Ina buƙatar dariyar, don abin da ya biyo baya ba daɗi. Lafiyar jiki dai akwai.

Na nemi a ba ni dama in nuna matsalar a gaban shugabar kamfanin, aka ba ni. Na shirya kamar mai zuwa jarrabawa. Na zaɓi kwamfutocin da suka fi yi mini ƙarya, na goge su, na cika musu batir tun jajibiri don kada wani abu ya katse mu. Aka turo tanderu har bene na sama, ɗakin taro mai dogon tebur. Manya suka zauna. Na kunna.

Yaya, ko kuskure ɗaya. Tun hantsi har aka kawo shayi, aka sha, aka kwashe kofuna, kwamfutocin suna ta ba da amsa daidai kamar ɗaliban da suka ga mai duba makaranta. Ina tsaye gumi na bin bayana, na ƙara zafi, shiru. Shugabar ta dube ni ta ce, “Muna jira, injiniya.” Daga baya ta tattara takardunta ta fita.

Mai Agogo bai yi mini dariya ba, gara ma da ya yi. Ya ja ni gefe ya ce, “Ka leƙa benen nan ka ga mutanen da ke ciki. Wani kamfani na gab da fitar da tasa siririyar. In suka riga mu, wasu a nan za su rasa abincinsu. Kai kana da amsar da za ka ba iyalansu?” Maganar ta shige ni, Yaya, don ba ƙarya ya yi ba.

An cire ni daga aikin. An mayar da ni ɗakin ƙasa, inda ake tara kayan da masu saye suka dawo da su. Ba taga, sai ƙarar bututun ruwa a saman kai. Takardar sa hannun kuma an miƙa wa Doguwa. Ita ke riƙe da 'ya'yanta ita kaɗai, ba zan ce mata ta ƙi ba. Ta dai ce a ba ta lokaci ta karanta rahoton. Game da tambayarki, kwantiragina ya kusa ƙarewa, kuma babu wanda ya yi zancen sabuntawa.

Ban yi kuka ba, amma na daɗe a banɗaki ina wanke hannu.

Sai dai ki ji. A bayan tarin kwalaye na tarar da wani tsohon tanderu da aka yar saboda mariƙin ƙofarsa ya karye. Na ɗaure shi da waya, yana aiki. Kwamfutocin nan kuma babu wanda ya ce in mayar. Na ga abin da na gani da idona. Tunda ta yi ƙarya a ɗakina ta ƙi yi a nasu, akwai abin da ya bambanta, kuma sai na gano shi.

Ƙaninki

*

Ranar Lahadi

Auta,

Gaisuwa da fatan ƙarfin zuciya. Yara lafiya. Jinin Inna ya ɗan hau, na sauya mata magani, ya sauka, kada ka sa a ranka. Wannan karon ma ni na fara karantawa, sannan na zauna kusa da ita ta karanta.

Ban iya aikinku ba, amma in mara lafiya ya ce ciwo na kama shi a gida, ya zo gabanmu ciwon ya ɓuya, ba ma ce masa maƙaryaci. Tambayarsa muke yi me yake yi lokacin da abin ke tasowa, me ya ci, a tsaye yake ko a kwance. Ka tambayi 'yan ƙaryar taka haka.

In kuma ƙarshenta sun sallame ka, ɗakinka na nan, ƙofa a buɗe, kuma ba da sunkuyar da kai za ka shigo ba. Baban yara ya ce in gaya maka ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Na ce masa shi komai sai ya kawo zancen ciki.

Inna ta karɓi biro, ga nata a ƙasa. Ka yi haƙuri da rubutun.

Auta. Na sa an mayar da katifa ɗaki. Kada ka zo don ni. Ka gama abin da ka tsaya a kai. In ka tabbata ka gani to ka gani. Allah ya yi maka albarka. Innarka.

*

Ranar Alhamis

Yaya,

Sallama. Ina fata jinin Inna ya zauna, kafaɗarki kuma ta yi sauƙi. Ni lafiya, har na fara cika wandona. Rubutun Inna yana aljihun rigata. Ki yafe jinkirin, ban so in rubuto ba sai da magana a hannu.

Wasiƙarki ta same ni ina cikin yi wa kaina irin tambayar da kika ce. Na yi ta bin abin da na yi ranar taron ɗaya bayan ɗaya, har na zo kan batir. A gwajina na kullum, yadda na tsince su nake jefa su a tanderu, batir ya kusa mutuwa, in jona caja su ci gaba da aiki. Ranar taro kuwa, don tsabar shiri, na cika su tun jajibiri. Batir in yana shan caji shi ma zafi yake yi, kuma a wannan siririyar an kwantar da shi ne jikin ƙwaƙwalwar, don babu wani wurin. Zafin ɗaki, da na aiki, da na caji, sai sun haɗu su uku take fara ƙarya. Da hannuna na ɓoye matsalar ranar da na fi son ta fito.

Na zuƙe batir ɗin, na jona caja, na rufe ƙofar tanderu. Kafin azahar, amsar kwamfutar farko ta karkace. Na sake, ta sake. Na ɗauko wata, ita ma haka. Na tuna ku, yadda in wuta ta dawo da rana kowa ke rugawa soket ya jona, aiki kuma ba ya tsayawa. Wato daidai lokacin da za ki fi dogara da ita.

Ban hau sama da gudu ba, na koyi darasi. Doguwa na kira. Ta sauko da takardar a hannu, don ranar ce aka ce lallai ta mayar. Na nuna mata, ta ce, “Matsa.” Ta kore ni daga kujerar, ta ɗauko sababbi daga sito waɗanda ban taɓa taɓawa ba, ta yi gwajin da kanta tun daga farko. Da amsar ta fito a karkace ta daɗe tana kallon allon. Sai ta ninke takardar ta sa a jaka ta ce, “Tashi mu je. Wannan karon ni zan yi magana, kai ka cika rawar murya.”

Shugabar da kanta ta sauko ɗakin ƙasa, ta tsaya cikin kwalaye ta gani. An dakatar da fitar da kwamfutar.

Kada ki zaci an yi mini tafi. Wancan kamfanin ya fitar da tasa, su ke da kirarin sirantaka yanzu. An sauke allunan tallarmu. An rage wasu ma'aikatan wucin gadi a sashen talla, ɗaya daga cikinsu muna gaisawa kullum a bakin ƙofa, kuma wannan yana ci mini rai. Akwai waɗanda in mun haɗu a matakala sai su duba waya. Kwantiragina an ƙara masa 'yan watanni kawai, kuma har yanzu a ɗakin ƙasa nake. Hutu babu shi sai an gama gyara. Ki gaya wa Inna da bakinki, a hankali, kada takarda ta riga ki.

Ɗazu da safe ina cikin jera kwalaye na ji takun mutum a matakala. Mai Agogo ne. Tun ranar taron bai yi mini magana ba. Yana riƙe da sabon samfuri a hammata. Ya ajiye a teburina, na ɗaga. Ta fi waccan kauri kaɗan, ta fi ta nauyi kaɗan, an raba batir da ƙwaƙwalwar, an shimfiɗa jan ƙarfe a tsakani don ya janye zafi. Ya dubi tsohon tanderun da wayar da na ɗaure ƙofarsa, ya dube ni. Na zaci zai ce wani abu game da abin da ya wuce. Sai ya ce, “Gasa ta.”

Na ce, “Har yaushe?”

Ya ce, “Har ka yarda da ita.” Ya juya ya hau.

Tana ciki yanzu haka da nake rubuta miki, batir a zuƙe, caja a jone, zafi irin na ɗakinku da tsakar rana. Tun safe ba ta yi kuskure ba. Amma yini ɗaya ba shaida ba ne, gobe ma zan sa ta, da jibi, da sauran 'yan uwanta. In ta jure, zan sa hannu da zuciya ɗaya in taho gida. In ta yi ƙarya, zan sake hawa benen nan in faɗa.

Ki shafa mini kan 'yan biyu.

Ƙaninki,
Auta